Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewa: Ku Dawo Wa Ɗalibai Da Yammacin Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu kuma malamanmu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da juriyar ɗaukar wannan kaya da ke kanku. Ni tsohon ɗalibin ɗaya daga cikin jami'o'inku ne. Yanzu ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma ni aka damƙa wa kula da wasannin yara. Na san abin da ke kan teburinku: albashi, kuɗin wuta, cunkoson ɗakunan kwana, ga barazanar yajin aiki da ba ta ƙarewa. Wanda ya tunkare ku da zancen ƙwallo a irin wannan hali, ana iya cewa bai san dawan garin ba. Duk da haka na zo, domin abin da idona ya gani a watan jiya ya tsaya mini a rai.

Wata takarda ce ta kai ni tsohuwar makarantarmu, aka yi dace ranar Laraba ce, wadda a zamaninmu yammacinta na wasanni ne. Da na gama abin da ya kawo ni, wajen ƙarfe huɗu da rabi, sai ƙafata ta ja ni filin ƙwallon hannu inda na yi shekara huɗu ina zubar da gumi. Ciyawa ta kai gwiwa. Ƙarfen raga ɗaya yana tsaye ya yi tsatsa, ɗayan yana kwance, akuya tana kiwo a gindinsa. A gefen da 'yan kallo ke zama an jibge bulo da yashi. A zamaninmu, wannan lokaci ne da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda usur da ihu. Na tare wani yaro da ke sauri da littafi a hammata, na tambaye shi ina ƙungiyar jami'a take atisaye yanzu. Ya ce, "Malam, da ma muna da ƙungiya?" Ɗan aji uku ne. Ya ce in yi haƙuri, gwaji zai shiga ƙarfe biyar. Kafin ya wuce na tambaye shi ko yana biyan kuɗin wasanni a rajista. Ya ce duk shekara, yana nan a jikin rasit.

Ranku ya daɗe, bari in faɗa muku abin da wannan fili ya yi mini. Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar. Akwai mu Hausawa, akwai Babarbare, akwai ɗan Tibi daga Binuwai, akwai biyu daga kudancin Kaduna, golanmu kuwa Ibo ne haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Idan mun yi tafiya motar ta tsaya bakin hanya don sallah, shi ne ke zama yana gadin jakunkunanmu, har yakan riga mu nemo ruwan alwala. Mu kuma ba ma sa atisaye da safiyar Lahadi, ba don wani ya rubuta doka ba. Shekarar da rikici ya tashi a gari aka rufe makaranta cikin gaggawa, a ɗakin zauren gidanmu golan nan ya kwana huɗu, mahaifiyata tana aika masa tuwo, mahaifina ya zauna a ƙofar gida bai je kasuwa ba har ƙura ta lafa. Mun yi kwas na zaman lafiya da sasanta rikici a aji, mun ci jarrabawarsa, na manta abin da ke ciki. Wanda ya tare maka ƙwallo a minti na ƙarshe kuwa, babu mai zuwa daga baya ya gaya maka cewa maƙiyinka ne ka yarda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ilimin Arewa. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta yaye Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wasa yana cikin jinin tarbiyyarta. Sardauna ya riƙe wasan fives, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, har yana Firimiya bai bar shi ba, kuma albarkacinsa har gobe ana buga wasan a wasu garuruwan Arewa. Jami'o'inmu ma da wasa suka tashi. A 1966 aka fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, a Ibadan, jami'o'in ƙasar ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ta Zariya tana cikinsu. Zariya ta karɓi baƙuncin gasar fiye da sau ɗaya, Maiduguri ma ta karɓa. An tsara a riƙa yin ta duk bayan shekara biyu. Amma bayan wadda aka yi a Makurɗi a 2017, sai a 2022 aka sake haɗuwa a Legas. Yaron da ya shiga jami'a a tsakanin nan, yana iya kammala digirinsa bai taɓa sa rigar makarantarsa a gasar ƙasa ba. Shekarun ƙarfin ɗan tsere kuma ba sa jira.

Ku dubi inda 'ya'yan ƙasar nan suke zuwa idan suna son haɗa karatu da wasa. Ranar 24 ga Yuli, 2022, Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode, ta yi gudun mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12, ta kafa sabon tarihi a duniya, a ranar kuma ta ci zinare. Duk mun ga hawayenta lokacin da ake taken Najeriya. Wace jami'a ce ta rene ta? Jami'ar Texas da ke El Paso. Filin da ta yi wannan gudu ma, a garin Eugene, na Jami'ar Oregon ne. Gasar duniya sukutum, a filin makaranta aka yi ta.

Labarin Hakeem Olajuwon ya fi kusa da mu. Ƙwallon hannu yake bugawa a makarantarsu ta Legas, irin wasana. A wata gasar makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato ne aka roƙi a bar shi ya gwada ƙwallon kwando. Daga nan sai Jami'ar Houston, a 1984 aka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, gaban Michael Jordan, ya ci kofi a 1994 da 1995, yana buga wasa da azumi a bakinsa cikin Ramadan. Masai Ujiri kuma a Zariya ya girma, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi ƙwallon kwando, ya tafi Amurka ta ƙofar wasan kwaleji, shi ne ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. A ƙasarmu aka ga tsiron, a gonar wasu ya yi 'ya'ya.

Kuma waɗannan su ne masu rabo, waɗanda wani ya gani. Ina da wata yarinya a aji biyar, 'yar mai sayar da itace. Ba takalmi take gudun mita 400, da dogon wando da hijabinta ɗaure a ƙugu, kuma a gasar gidaje ta bana ta ba ta biyu ratar da sai da na sake duba agogona. Tana da ƙoƙari a lissafi. Ba ta da wanda zai kai ta Texas, mahaifinta ma ba zai bari ba, ni ma ba zan ba shi shawarar haka ba. Jami'ar da za ta iya zuwa ita ce wadda ke bayan garinsu, ɗaya daga cikin naku. Idan ta zo, me za ta tarar?

Ba ina cewa ku kwaikwayi Amurka ido rufe ba. Nasu ya wuce gona da iri. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, alhali babban filin ƙasa na Abuja 60,000 ne da 'yan kai. A jihohinsu da dama, ma'aikacin gwamnati da ya fi kowa albashi kocin jami'a ne, ba gwamna ba, ba farfesa ba. Yawancin jami'o'insu abin da suke kashewa a wasanni ya fi abin da suke samu, kuma an sha kama makarantu suna ba 'yan wasa makin da ba su yi aikinsa ba. Hukumarsu mai kula da wasannin jami'o'i, NCAA, ma asalinta gyaran ɓarna ne: a 1906 aka kafa ta, bayan mace-macen ɗalibai a filin ƙwallo sun kai har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki. Duk wannan a bar musu. Abin dubawa shi ne, cikin ɗalibai wajen rabin miliyan da ke wasa a ƙarƙashin hukumar, waɗanda ke zama ƙwararru masu cin abinci da wasa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran likitoci ne da malamai da injiniyoyi da suka fita da lafiyar jiki, da sanin yadda ake faɗuwa a tashi, da kuma son makarantarsu har tsufa. Wannan son ne ke dawo da su da kuɗinsu su gina ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje. Mu kuwa, da yawa cikin abokan karatuna, ranar da suka karɓi sakamako suka karkaɗe rigarsu ba su sake waiwayowa ba. Abin da suke tunawa layin rajista ne da wata takwas na zaman gida saboda yajin aiki.

A nan ne zancen alama ya shigo, wanda na san wasunku za su ɗauka wasan yara ne. Kowace jami'a a can tana da wata dabba ko wani abu da ta ɗauka ya zama fuskarta. Jami'ar Texas da ke Austin, sa ne mai dogayen ƙaho kamar na jajayen shanun Bororo, kuma rayayye ake jawowa bakin fili ranar wasa, dubban mutane su ɗaga yatsu biyu alamar ƙaho. Ta Oregon agwagwa ce. Wanda ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Shugabanta ya so a ɗauki wata dabbar ruwa da ake kira zakin teku, ɗalibai suka ce su wani ɗan dodon-koɗi rawaya marar ɓawo da ke yawo a dajin makarantar suke so. Aka yi ta ja, a 1986 aka kaɗa ƙuri'a, ɗalibai suka yi rinjaye, shugaban ya sallama. Halitta ce marar ƙarfi marar sauri, amma tasu ce, su suka zaɓa, shi ya sa har yau suke sa ta a ƙirji.

Mu za a koya wa wannan? Mu da kowane gari yake da kirari, Kano ta Dabo tumbin giwa, Katsina ɗakin kara? Mu da kowane ɗan dambe yake da take, kuma ɗan kallo ya san ko shi Bakudu ne, ko Guramada, ko Jamus, tun kafin a ɗaure hannu? Ku je filin Sani Abacha ranar da Kano Pillars ke gida ku ji yadda "Sai Masu Gida" ke tashi daga bakin mai shayi da ɗan kasuwa da lauya lokaci guda. Kwalejin nan ta su Sardauna, da ta yi ƙaura daga Katsina zuwa Kaduna sannan Zariya, a 1971 ta ɗauki sunan Barewa, kuma yau da ka ce Barewa, dattijo mai furfura zai gyara zama. Ɗaliban Jami'ar Nsukka zakuna suke kiran kansu, maza da mata, saboda zakin da ke jikin tambarinsu, kuma ko a wace ƙasa biyu suka haɗu da wannan suke gane juna.

An ɗan fara a wajenmu. Gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, da aka soma a 2018, ta zo da sunaye irin su ABU Nobles da BUK Stallions da UNIMAID Desert Warriors. A 2021 yaran Maiduguri suka ɗauki kofin. Jami'ar da ta yi shekaru tana karatu cikin ƙarar bindiga da bam, ita ce ta doke kowa. Wannan abin a yi masa waƙa ne, a karɓe su da dawaki. Amma ku tambayi ɗaliban Arewa goma, nawa ne suka ji labarin? Sunayen suna kan takarda da Turanci, ba su sauka a harshen mutane ba. Da "Ingarma" ake kiran ƙungiyar Jami'ar Bayero ta Kano, da kalangu da kirarinta, da doki na gaske da aka yi wa ado ana zagaya fili da shi kafin a take ƙwallo, da tuni yaran Kabuga da Rijiyar Zaki sun haddace. Bauchi ga giwayen Yankari. Kaduna ga kada a cikin sunanta. Kabi ga giwan ruwan Argungu. Nijar ma barewar sahara ta ɗauka ta sa wa ƙungiyarta ta ƙasa suna Mena.

Na san akwai malamai da iyaye da za su ce ba su yarda da mutum ya shiga cikin rigar siffar dabba yana rawa ba, ko a kafa mutum-mutumi a ƙofar makaranta. Ina girmama wannan, kuma ban ga dalilin yin rigima a kansa ba. Alama ba dole sai da surar mai rai ba. Giginya ta ishi Sakkwato, an riga an san ta da ita. Akwai kuka, akwai takobi da kwalkwali, akwai tambari, akwai dutse. Suna da launi da take da kirari, su ne ainihin abin. Inda nake so ku yi hattara shi ne kada a mayar da wata ƙabila abin wasa. Amurkawa sun yi wannan kuskure, suka shekara da shekaru suna sa ɗalibi ya yi shigar 'yan asalin ƙasar, da gashin tsuntsu a ka, yana tsalle a fili. Sai a 2005 NCAA ta taka wa abin birki, Jami'ar Illinois ta ajiye nata a 2007, ta Dakota ta Arewa ta canza sunan ƙungiyarta bayan doguwar shari'a da ɓacin rai, ta Jihar Florida kuwa ta tsira da nata ne don ƙabilar Seminole da kanta ta ba da izini. A ƙasa irin tamu, inda wasan Bafulatani da Babarbare yake da iyakarsa da kowa ya sani a gida amma baƙo bai sani ba, kada a kai wannan fili. A bar ɗalibai su kawo shawara, su kaɗa ƙuri'a, ku kuma ku tace.

Game da 'ya'ya mata, hujjar sutura ta riga ta faɗi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai tun 2014, ta ƙwallon kwando a 2017. Ibtihaj Muhammad, wadda ta yi wasan takobi a Jami'ar Duke, da hijabinta ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Abin da 'yan matanmu ke buƙata fili ne mai katanga, da lokaci nasu, da mace mai horarwa. Uba zai yarda idan ya zo ya gani da idonsa. Na gwada a makarantarmu, iyaye uku da suka ƙi da farko, su ne suka zauna a sahun gaba ranar gasa.

Abin da nake roƙo, mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Kuɗin wasannin nan da kowane ɗalibi ke biya, a liƙa bayaninsa a allo ƙarshen kowace shekara: ga abin da ya shigo, ga ƙwallaye da riguna da man mota da aka saya. Ba zargin kowa nake ba, amma yaron da ya biya yana da haƙƙin ya gani. Kada kuma ku zauna jiran NUGA. Daga Kano zuwa Zariya, ko Wudil, ko Dutse, ko Katsina, duk tafiyar da za a je a dawo ne a yini ɗaya. Haka Sakkwato da Birnin Kabi da Aliero da Gusau, haka Bauchi da Gombe da Kashere da Jos. Motar makaranta ɗaya da abincin rana sun isa a yi gasar maƙwabta duk Asabar ta biyu, yau a gidanku, jibi a gidansu, har ta zama gabar wasa da ake jira duk shekara, irin ta Oxford da Cambridge da suke tseren kwalekwale tun 1829. A sa kokawa da langa a ciki, don ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba shi ma ya san yana da abin nunawa. Ɗalibin da ya tafi wakiltar makaranta aka yi gwaji ba ya nan, a ba shi damar ramawa. Na ga abokin wasana ya maimaita kwas saboda wannan, daga ranar bai sake taka fili ba. Sannan ku ware 'yan guraben da za a yafe wa kuɗin makaranta, ko goma ne a shekara, ga yaran da suka cika sharuɗɗan shiga kuma suka yi fice a wasa, da sharaɗin duk wanda makinsa ya faɗi ya koma benci sai ya gyara. Mu malaman sakandare mun san inda yaran suke, ku aiko a tambaye mu.

Amma kafin duk wannan, Laraba. Ku kai maganar gaban majalisar jami'a a zamanta na gaba, a rubuta, a sa hannu, a aika wa kowane shugaban sashe: daga ƙarfe huɗu na yammacin Laraba babu lacca, babu gwaji, babu darasin ramuwa, kowane malami ne. A sa a nome ciyawar nan, a kwashe bulon, a tayar da ƙarfen ragar da ke kwance. Idan kun yi, ku sanar da tsofaffin ɗalibai. Mu goma sha ɗaya da muka rage a cikin goma sha huɗun nan mun riga mun yi magana, har da golanmu da yake Anaca yanzu: raga biyu da ƙwallaye da rigunan shekarar farko, a wuyanmu suke.

Yarinyar da na ba ku labari za ta rubuta JAMB baɗi in Allah ya kai mu.

Allah ya ja zamaninku, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ɗalibi, malamin wasanni a wata sakandaren gwamnati.